Abin da Ka Ɓoye a Cikin Zana

Unguwar Rimi, Kaduna.

Zuwa ga Kawu Bawa,

Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba ɗan ƙanwa ya yi wa kawunsa, ina yi maka sallama a inda kake. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ba za ka karanta ta ba, tunda ba ka iya boko ba, kuma kai ne kake yi mini dariya in na kama hanyar ajin yaƙi da jahilci da yamma, kana cewa me mai ɗiban ruwa zai yi da alƙalami. To ga abin da zai yi da shi. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna ya fi sabawa da garwa.

Wata safiya bayan an fito masallaci, gari ya yi haske amma rana ba ta ɓullo ba, na shiga cikin zana a fangalin fulawar da ke gefen garejin maigidanmu Alhaji. Na durƙusa na ɗaga busasshiyar ciyawar da na rufe ƙasa da ita. Sai ga toho. Jajaye-jajaye, a naɗe kamar an murza takarda, wasu sun kai tsawon ɗan yatsa, wasu yanzu suka fasa ƙasa. Daga gindin guntayen karan da akuya ta bari suke fitowa. Na daɗe a durƙushe. In gaya maka gaskiya, ba murna ce ta fara zo mini ba. Fuskarka ce ta faɗo mini, yadda kake ɗaure ta in za ka shiga zana, kamar liman zai hau mumbari. Sai wata dariya ta kama ni, marar daɗi, har na toshe bakina da hula.

Bari in koma baya, don ka san ba abin da ya wuce ni.

Kai ka je ƙauye ka ɗauko ni, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Ka zauna a kan tabarmar uwata, ƙanwarka, ka ce mata za ka koya mini sana'a, zan zama gadina, mai kula da lambu, kamarka a gidan babban ma'aikacin gwamnati. Har kuka ta yi don murna. Me ka koya mini, Kawu? Ɗiban ruwa. Sharar ganye. Turo baro cike da kashin shanu tun daga wajen Kawo. Wankin motar Alhaji in direba ya ga dama ya ɓace. Almakashin lambu kuwa yana cikin akwatinka da kwaɗo, makullin a wuyanka. Shekara da shekaru ina gidan nan ban taɓa sanin nauyinsa a hannu ba. Ban yi ƙorafi ba. Na ce wa raina mai koyo ba ya gaggawa, lokacina zai zo.

Ka san fulawar da nake nufi, masu faɗin ganye kamar na ayaba, masu fure ja da rawaya, da suka jeru dama da hagu tun daga ƙofar shiga har gareji. Baturiyar da ta zauna a gidan kafin a ba Alhaji ce ta shuka su, kuma a hannunta ka yi aiki. Alhaji ba abin da yake ji da shi a gidan nan kamarsu. Abokan aikinsa in sun zo sai sun tsaya sun yaba kafin su shiga falo, shi kuma ya nuna ka da baki ya ce aikin Bawa ne, hannunsa da albarka. Kai kuma ka sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

Kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai su yi muni. Bakin ganye ya ƙone, kara ya kwanta, fure ya bushe ya bar 'ya'ya. Sai ka cire hula ka je gaban Alhaji da muryar ta'aziyya, ka ce masa sun mutu kamar yadda suka saba, shukar Turai ba ta kai shekara a ƙasarmu, amma da yardar Allah za ka tashe su. Daga nan sai ka sauko da zanarka daga kan rufin ɗaki, ka kewaye fangali bayan fangali. Dokoki kuwa kamar na gidan sarauta. Ido ba ya gani, in ya gani aiki ya ɓaci. Mace ba ta matsowa. Ni iyakata bakin zana, in ajiye garwa in juya baya. Inna Hansai, matarka, ta kawo baƙar kaza daga cikin kajinta, wai za a kai wa wani malami a Badarawa da ke yi maka rubutun tashin fulawa. Bayan 'yan makonni ka cire zana, ga kore shar, gajeru, kamar yanzu aka halicce su. Alhaji ya yi maka sabuwar riga. Kuku da direba su riƙa kauce maka a hanya.

Kada ka ɗauka ba na lura. Ina jin ƙarar almakashi daga waje, ƙyas, ƙyas, tun daga hantsi har azahar, lokacin da Alhaji yana ofis. Ina ganin hayaƙi a bayan katanga da la'asar. Ina ganin koren ruwa a hannun rigarka, ni nake wanke ta. Sau ɗaya na tambaye ka me kake yankawa, ka ce takardun layu. Takardun layu na yini guda, Kawu? Amma na yarda. Na yarda domin kai wan uwata ne, kuma ban taɓa tunanin babba zai tsaya ya shirya wa yaronsa ƙarya mai zana da hayaƙi ba.

Da zazzaɓin nan ya kwantar da kai a ƙarshen damina, na zauna a gefen gadonka na roƙe ka. Na ce ko kaɗan ne ka nuna mini, lokacin zana ya matso. Ka ce in ka tashi. Da jikin ya yi tsanani Inna ma ta roƙe ka, ta ce ka dubi 'ya'yanka Uwani da Tanko, ka dubi ɗakin da muke ciki, na gidan aiki ne. Kana jin ta, idonka biyu. Ka juya fuskarka bango. Na sha tuna wannan juyin. A lokacin na ɗauka ciwo ne ya hana ka magana. Yanzu na san me kake riƙewa. Numfashin da ka yi amfani da shi ka nemi a miƙo maka goro ya isa ka faɗe shi sau uku.

Ranar sadakar uku da ta bakwai na ji yabo har kunnena ya gaji. Mutumin kirki, mai albarka a hannu, ya tafi da abin da ba kowa ke da shi ba. Na ce amin tare da kowa. Abokinka Garba, gadinan nan na Hayin Banki, ya fi kowa share ido. Amma ina kallonsa. Yana addu'a yana auna ɗakinmu da ido, daga ƙofa zuwa taga, har ya leƙa inda Inna ke girki.

Alhaji bai yi mana rashin mutunci ba, wannan in ba shi haƙƙinsa. Ya kira ni bayan sadakar arba'in ya ce ba zai tashi mai takaba ba. Mu zauna har Inna ta fita. In ranar ta zo fulawa na nan yadda ka saba fito da ita, aikin nawa ne. In ba haka ba zai nemi gadina, kuma ɗakin baya na tafiya ne da aikin. Bai ɗaga murya ba, yana ma duba jarida. Na ce na gode. Na fito na tsaya a tsakiyar hanya, dama da hagu ganye na ƙonewa.

Ka san ni ɗan manomi ne. A wurinmu in dawa ta bushe ta gama, sai a nemi iri. Don haka na bi kara-kara na tara 'ya'yan nan baƙaƙe, masu tauri kamar tsakuwa, na cika ƙoƙo. Na gyara wuri a bayan ɗaki na shuka, ina ba su ruwa safe da yamma. Ko ɗaya bai fito ba. Na tono wasu bayan mako biyu na same su yadda na binne su, sai sheƙi suka ƙara. Tsofaffin kuma na kafa musu sanduna na ɗaure su da tsumma don kada su kwanta, na ƙara musu ruwa, na ƙara taki. Suka koma kamar layin marasa lafiya a bakin asibiti. Ko ganye ɗaya ban yarda na cire ba. Wa zai sa wuƙa a kayan maigida alhali yana neman rai gare su?

Inna ta ba ni makullin akwatinka. Almakashi, dutsen wasawa, tsohuwar hula, gwangwanin goro. Shi ke nan. Na zazzage shi har na buga gindinsa. Na ɗauki kekenka na tafi Badarawa, na yi ta tambaya har na sami malamin da kake ambata. Dattijo ne mai sanyin magana, yana zaune a zaure. Ya ce ya san ka da fuska a masallacin Juma'a, Allah ya jiƙanka, amma shi bai taɓa yi wa fulawa rubutu ba, bai ma san ana yi ba, kuma kaza ba ta taɓa zuwa masa daga wurinka ba. Ka san me na yi tunani a hanya? Na ce shi ma ɓoye mini yake yi. Har nan ka kai ni, Kawu. Mai gaskiya ya faɗa mini gaskiya na ɗauke shi maƙaryaci saboda kai.

Garba ya dawo, wai ya zo duba mu. Ya zagaya lambun da hannu a baya, yana girgiza kai. Ya ce shawarar da zai ba ni ta ɗan'uwa ita ce in tone su duka tun daga saiwa in ƙone, kamar yadda ake sharar gona, ƙasa ta huta, ko Alhaji zai ga ƙoƙarina. Saura kaɗan in yi. Har na wasa fartanya. Garba ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan kamar yadda ka sani. Ashe duk haka kuke, kowa da ɗan abin da ya danne a ƙarƙashin cinya, ku haɗu a tashar Kawo kuna cin goro kuna kiran juna malam.

Yanzu ka ji wanda ya koya mini sana'arka.

Akuyar Inna ce, jar nan mai karyayyen ƙaho. Ta tauna igiya da rana tsaka ina can wajen ɗebo taki. Da na dawo da baro na same ta a fangalin gefen gareji, cikinta kamar ganga. Abin da ba ta ci ba ta tattake. Ba abin da ya rage sai guntayen kara, wasu a karye, wasu da shatar haƙori. Inna na bakin ƙofar ɗaki da farin mayafinta tana kuka ba sauti. Ba ma sai an kai ƙarshen takaba ba, in Alhaji ya ga dabbar masu ɗakin baya ce ta yi wannan, ka san sauran.

Sai na hau rufi na sauko da zanarka. Na kewaye wurin kafin motar Alhaji ta dawo. Kuku ya leƙo ta taga, na ce masa zan gwada aikin Kawu, ya yi maza ya ja labule. Na ɗauko almakashin nan, ranar ce farkon aikinsa a hannuna, na bi guntayen na datse su daidai kusa da ƙasa don kada a ga haƙorin akuya. Na kwashe ganyen na ƙone a bayan katanga. Na baza busasshiyar ciyawa a kai ko wani zai leƙa. Kullum kuma ina shiga da garwa in zuba, domin dole a gan ni ina shiga da ruwa.

Ka lissafa da kanka. Zana, almakashi, hayaƙi, ciyawa, ruwa. Na yi aikinka kaf daga farko har ƙarshe, ina ɓoye ɓarnar akuya, ban sani ba. Sai safiyar nan da na ɗaga ciyawa.

Na sa yatsa na tona gefe ɗaya a hankali. Ga saiwa nan kwance, ƙatuwa, kamar ɗanyar citta, cike da ruwa, ga idanu a jikinta ko'ina suna shirin fitowa. Ba ta taɓa mutuwa ba. Ko sau ɗaya ba ta mutu ba tun zamanin Baturiya. Karan da ya yi fure ne ya gama nasa, yana tsaye yana tare wa na ƙasa hanya. Kamar gamba ce, Kawu, da ake yankewa a yi zana ta sake fitowa. Da ka ce mini kamar gamba ce, da na gane tun kafin ka rufe baki. Ko zanar da kake ɓoyewa da ita ta san sirrin. Wannan ne ka juya fuskarka bango a kansa? Wannan ne ya fi maka Uwani da Tanko?

Washegari na datse sauran fangulan, ba zana, da rana tsaka, kowa na gani. Hajiya, matar Alhaji, ta aiko kuku ya tambaya ko na sami taɓin hankali. Direba ya tsaya yana salati. Da Alhaji ya dawo ya fito daga mota ya dubi hanyar gidansa, dama da hagu ƙasa tsirara, ya dube ni, ya ce kawai in tuna wa'adi. Na ce ina tune. Kada ka ɗauka ban ji tsoro ba. Shaidata duka fangali ɗaya ce da akuya.

Tunda ba ka koya mini ba, bari ni in gaya maka abin da na koya, ka ji ko daidai ne. Karan da ya riga ya yi fure shi ake yankewa, a bar masa kamar faɗin tafin hannu. Wanda bai yi ba, in yana da ƙarfi, a ƙyale shi. Almakashi ya kasance da kaifi, in ya dakushe yana murƙushe karan ne, ruwa ya shiga ya ruɓe. Ciyawar da ake rufewa da ita don rana ce, ƙasa ta riƙe danshi. Furen da ya bushe a tsinke shi tun bai yi 'ya'ya ba, sai wani ya biyo baya. Duk wannan da ido na koye shi, ina gwada nan ina barin can, ina dawowa in duba.

Na yi ɓarna ma, ba zan ɓoye ba, ni ba ni da zana. Fangalin kusa da famfo na cika masa ruwa don ɗoki, alhali ba ganyen da zai sha. Saiwar ta ruɓe tana wari kamar tsohon rogo. Na tono na yanke ruɓaɓɓen, na shafa toka a wurin, na mayar da mai kyau. Rabi ya tashi, rabi ya tafi. Sannan fararen nan na bakin baranda masu kai kamar albasa, na ɗauka duk dokar ɗaya ce na aske su suna kore. Sun fito, amma sirara, har yau suna fushi da ni, ba alamar fure. Da alama su sai ganyen ya yi rawaya da kansa ake taɓa shi. Baɗi zan gani. Ina da haƙuri, kai ma ka sani, a kansa ka hau.

Wani abu kuma da na gano da na tona, ba ka ma iya aikin sosai ba. Saiwoyin sun cunkushe sun hau kan juna, tsakiyar kowane gindi ta zama busasshen itace. An yi shekaru ba a raba su ba. Ko Baturiyar ba ta kai ga nuna maka wannan ba ta tafi, ko kuwa tono ne ya yi maka wuya? Na fasa su da wuƙa, kowane yanki da idonsa biyu ko uku, na dasa da tazara. Da abin da ya yi saura na cike gurbin na famfo, har na buɗe sabon fangali a gefen ƙofa. Mai albarka a hannu.

Kafin Inna ta fita takaba, hanya ta yi kore dama da hagu, ganye ya kai gwiwa, na gareji da ya riga su har ya fitar da kan fure. Ranar da ta fita, da yamma, Alhaji ya aiko a kira ni. Kuku ya tare ni a ƙofar kicin ya ce in yi wa kaina gata, in an tambaye ni in ce ka bar mini maganin kafin ka cika, ba wanda zai taɓa ni a gidan nan har in tsufa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, daga kicin zuwa baranda na ɗanɗana abin da ka ci shekara da shekaru. Yana da zaƙi. A nan na ɗan gane ka. Ka ga lokacin da Turawa ke tafiya, ana sallamar kuku da boyi da gadina kamar ana zubar da ruwan wanki, ka ji tsoro, ka nemi abin da za ka riƙe. Na ji tausayinka na ɗan lokaci, har na tuna bargon da ka cire ka ba ni farkon zuwana da sanyi, da yadda ka riƙe mini sirdin keke ina koyo. Amma tsoron Alhaji daban, ni daban. Ni me zan ƙwace maka? Ka ji tsoron ɗan ƙanwarka mai ɗiban ruwa, ka ji tsoronsa har a kan gadon mutuwa, lokacin da ko an ba ka aikin ba za ka iya ɗaga garwa ba. Wannan ba tsoro ba ne kuma, ƙanƙanta ce.

Alhaji ya tambaye ni ko ka bar mini maganin. Na ce masa babu magani, ranka ya daɗe, almakashi ne, ba sa mutuwa, datse su ake yi. Ya ƙura mini ido. Sai ya fara dariya, ya yi ta yi har ya cire tabarau yana share ido, yana ambaton rigunan da ya ɗinka maka. Ban yi dariyar tare da shi ba, ko ba komai kai wan uwata ne. Da ya natsu ya ce ke nan kowa ma zai iya. Na ce kowa zai iya. Ya ce to tunda kowa zai iya, wanda ke nan ya ci gaba, ba sai ya sha wahalar neman wani ba.

Haka muka tsira da ɗakin. Ba riga, ba kirari. Yanzu in baƙi sun yaba, Alhaji cewa yake ai abin ba wuya, yankewa kawai ake yi. Direba ya daina kauce wa gadina a hanya, har aike na yake yi. Ni na jawo, kuma ina barci lafiya.

Labarin gida kuwa, kowa lafiya. Tanko ya shiga aji biyu. Uwani ta iya tsinke busasshen fure, na nuna mata a fili, ba ta ɗauki rabin yini ba. Garba bai sake zuwa duba mu ba. Akuyar ta haifi biyu, na saya mata sabuwar igiya mai kauri, amma duk ganyen da na datse ita nake fara kai wa, haƙƙin malami ne. Na je ƙauye na ga uwata. Ta tambaye ni ko na iya sana'ar kafin Allah ya ɗauke ka. Na ce mata na iya. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa maka albarka. Ban gaya mata a wurin wa na koya ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ita kaɗai ta rage da ke da kai yadda kake so a gan ka, na bar maka ita.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Safiyar nan da na ga toho ba ni kaɗai ba ne a wurin. Da na gama dariyata na juyo, sai na ga Inna Hansai tsaye a bakin zana, daidai inda ka hana ta tsayawa tun tana amarya. Zancen akuyar ne ya hana ta sukuni, ta biyo ni ta ga ko akwai abin da ya rage. Farin mayafin takabarka na jikinta, carbin da take ja maka na hannunta. Ta dubi tohon. Ta dubi almakashin da na rataye a jikin zana. Ta dubi tokar da ke bayan katanga. Ban sani ba ko kajinta take tunawa, ko juyin nan da ka yi zuwa bango. Na ga dai carbin ya tsaya a hannunta.

Ba ta taɓa faɗin mummunar kalma a kanka ba, har yau. Ta cika takabarta daidai, ba ta rage maka ko yini ba. Abin da kawai ta yi, da yammar ranar ta aiko Uwani ta ce in na gama da zanar in kai mata, ta makewayi ta mutu. Na kai mata, na kafa da hannuna. Tana can yanzu, tana aikin da ya dace da ita.

To ka ji. Ni na gani, Inna Hansai ta gani, sai Allah da ya riga mu gani tun kana shiga kana fita.

Ina sa ka a addu'a bayan kowace salla, domin haƙƙi ne, kuma uwata ta ce in riƙa yi. Allah ya jiƙanka, ya yi maka sauƙin tambaya, can ba a juya fuska bango. Sai mun iso.

Ni ne ɗan ƙanwarka,
Isuhu, gadinan gidan Alhaji.